Kaset ɗin da Ya Tokare Teburin Koko

Ni ce mai jeren amare a unguwar Maamobi. Ban ce babu wasu ba, akwai su, amma in uwar amarya ta leƙa ɗakin da ango ya kama ta ga bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ta dawo ta dubi gadon ƙarfe da wadirob da kabad ɗin kwanoni da akwatuna, to ƙofata take bugawa. Da goro take zuwa, don haka muke yi: in na karɓi goron, jeren ya zama nawa, ba mai taɓa ko murfin langa sai na iso.

A unguwar Zongo Lane aka haife ni, ubana bafataken goro ne daga arewa, aure ya kawo ni Maamobi, mutuwar miji ta bar ni a can da ɗaki ɗaya a gidan haya da teburin koko da ƙosai a ƙofar gida. Ban yi boko ba. Allo ma iyakata surorin salla. Wannan da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa. Abin da Allah ya ba ni ido ne da riƙo. In na ga ɗaki sau ɗaya, ya zauna a kaina ke nan.

Sirrin jere ɗaya ne, kuma ban taɓa ɓoye shi ba, mutane ne ba sa ji. Ɗakunanmu ƙanana ne, ƙofa matsattsiya, simintin ƙasa duk ramuka. Wadirob in ya shiga ya jingina da bango, ba mai iya zagawa bayansa. Turawa ake yi, ba a ja. Saboda haka kafin a ɗaga komai, sai na zauna a bakin ƙofa in gama jeren duka a kaina, tun daga abin da zai shiga ƙarshe in dawo baya zuwa na farko. Mata na ta hayaniya, ni ina zaune kamar mai zaman makoki. In na tashi kuwa, ba a minti talatin an gama.

To, a shekarar da autata ta yi haihuwar fari, masu ƙirgen Turawa sun ce casa'in da 'yan kai ne, ƙanena ya dawo daga wajen tashar jirgin ruwa da wani kwali. Sana'arsa ke nan, sayen tsofaffin kayan da ake saukewa daga ƙasashen waje. Wannan karon bai sayar ba. Ya buga shagon katako a jikin katangar gidanmu, dab da teburina, ya sa talabijin da benci biyu, ya jona wata na'ura mai kama da akwatin sabulu. Gem, in ji shi. Ana cusa mata kaset a ka, a riƙe wani ɗan faranti mai maɓallai ana dannawa, mutumin da ke cikin talabijin yana bin umarnin yatsa.

Kaset bakwai ne. Na dambe, na ƙwallo, na tseren mota, na harbe-harbe, waɗannan har faɗa ake a kansu. Na bakwai toka-toka ne, takardar jikinsa ta yage, kuma ƙanena bai ma saye shi ba. Mai kayan ne ya ɗora masa gyara, ya ce ko a can inda aka ƙera shi bai yi kasuwa ba. Ranar farko samari suka sa shi. Ba kiɗan kirki, ba jini, ba gudu. Wani ɗan mitsitsin mutum ne a cikin ɗaki yana tura akwatuna, rubutun gefe kuma ba na Turawa ba ne ba na Larabawa ba.

Ina jin su ta jikin katako.

"Cale, abokina, wannan ai ɗaukar kaya ne!"

"Mun baro dako a kasuwa, mu zo nan kuma mu yi dako? Cire, cire!"

Aka cire. Teburina na da gajeriyar ƙafa ɗaya, kullum koko na karkata. Ƙanena ya durƙusa ya cusa kaset ɗin a ƙarƙashinta, ya girgiza teburin ya ji ya zauna daram, ya ce, "Yaya, ga shi ya sami aikin yi." Wata biyar ya yi a wurin, yana shan ɗigon man ƙosai.

Ran nan da hantsi aka kece da ruwa, irin wanda ke cika kwata har ta hau hanya. Muka ja teburin cikin shago, kaset ya faɗo. Ba yaro ko ɗaya, suna makaranta. Na goge shi da bakin zanena na ce, "Wai shi wannan me ya yi aka tsane shi haka?"

"Ba abin da ke ciki sai wahala, Yaya."

"Sa in ga wahalar."

Ya hura masa iska sau biyu, ya cusa. Ɗaki ya bayyana, akwatuna uku, da ɗigo uku a ƙasa inda ake so su zauna. Ƙanena ya fara dannawa yana hamma. Na ga ya nufi akwati na farko zai tura shi sama. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba.

"Kai! Za ka kashe ɗakin!"

Ya riga ya tura. Akwati ya shige kusurwa.

"To jawo shi mana," na ce, don in tabbatar da abin da nake zato.

"Ba ya ja. Turawa kawai ya iya, shi ya sa na ce miki wahala ce."

Wani mutum a wata ƙasa da ban san sunanta ba ya zauna ya ƙera aikina, ya sa a akwati, teku ta kawo shi har ƙarƙashin teburina. Na ce ya ba ni farantin. Ya nuna mini sama, ƙasa, dama, hagu, da maɓallin da ke mayar da komai farko in an ɓata. Na ajiye farantin a cinya na yi shiru ina kallo.

"Yaya, ai dannawa ake yi."

"Rufe mini baki, jere nake."

Da na ɗauka, ban tura akwati ɗaya a banza ba. Talabijin ya yi wata 'yar ƙara, sabon ɗaki ya fito, da wasu alamu huɗu a ƙarƙashinsa. Kafin ruwa ya ɗauke na gama ɗaki shida. Ƙanena ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Shi ya gano amfanin alamun. Na'urar ba ta da riƙo: in aka kashe ta, ko aka ɗauke wuta, ta manta komai. Amma in ka zaɓo alamu huɗun nan ka jera mata, sai ta buɗe maka ɗakin da ka tsaya. Mabuɗi ne. Shi bai iya karanta su ba, ni balle. Sai na raɗa musu suna, kowace da abin da ta yi kama da shi. Akwai ludayi, akwai tsani, akwai ƙugiya, akwai mai ƙusumbi, akwai wadda na kira bazawara don ta karkata kai gefe. Takarda ba kayan aikina ba ce. Gawayi kuwa kullum yana hannuna. Sai na riƙa zana kowane mabuɗi a bangon madafar gidanmu, bayan murhuna, layi ƙarƙashin layi.

Kullum in koko ya ƙare, kafin 'yan makaranta su taso, sai in shiga shagon in saki labule. A nan na yi kuskure, kuma ba na jin nauyin faɗa. Na saki labule don kada a ce mai jikoki tana wasan yara. Da na bar shi a ɗage, da duk unguwa ta yi dariyarta ta kwana biyu an wuce wurin.

Ɗakunan suna ta ƙara wuya. Akwai wanda ya kwana tara a kaina. Ina tace gasara ina tura akwatuna, ina kaɗa ƙullun ƙosai ina tura akwatuna. Yau jikokina kan nuna mini a waya mutane na zaune suna yabon tsofaffin wasannin da aka raina lokacin fitowarsu, wai sai yanzu aka gane darajarsu. Na tambaye su ko nawa na ciki, ba su same shi ba, tunda ba mu san sunansa ba. Na ce ba komai. In masu yabon na neman wanda ya riga su gani, su hau trotro, motar hayarmu, su zo Maamobi.

Layi talatin da huɗu na yi a bango kafin magana ta tashi.

Matar mai gidanmu, Hajiya, ta riga ta kawo mini goron jeren 'yarta, bikin bayan Babbar Salla. Biki ne da duk unguwa ke jira, kuma ɗakin da angon ya kama a unguwar Nima an ce akwati ne da ƙofa. Irin aikin da nake so ke nan. Sai na fara lura mata na yin shiru in na shigo madafa. Masu aiko yara sayen koko suka ragu. Wata uwar amarya da na san tana hanyar zuwa da goro ta gan ni ta sauya lungu. Ni ban kawo komai a raina ba, har ranar da Hajiya ta tsare ni a gaban murhu, matan gida na ji, ta nuna bango da leɓe.

"Wannan mene ne?"

"Mabuɗai ne, Hajiya."

"To, kun ji da bakinta. Mabuɗan me? Na ɗakunan 'ya'yan mutane?"

"Na ɗakuna dai, amma..."

"Mun ƙirga! Layi talatin da huɗu. Amare nawa kika yi wa jere tun da kika fara shiga wancan shago kina sakin labule? Biyu cikinsu sun yi yaji, ɗaya kullum ciwon kai. Ke da ba ki san alif ba, wa ya koya miki rubutu dare ɗaya?"

Na ce, "Hajiya, amaren da na yi wa jere sun fi ɗari biyu. Da asiri nake yi, da bangon nan bai ishe ni ba, sai na haɗa da na ɗakinki."

Wannan amsa ba ta taimake ni ba, na sani. Ta ce in manta da goronta, danginta na unguwar Alajo za su yi jeren.

Ku gane abin da ake nufi. Mai jere ita ce ke shiga ɗakin amarya kafin amarya. Hannunta ke taɓa ƙarƙashin gado da bayan kabad, inda ba mai sake dubawa. In aka ce tana binne wani abu a wurin, ta gama. Ba a unguwarta kaɗai ba, har Nima, har Zongo Lane inda aka san ubana. Shekara ashirin ina wannan aiki ba a taɓa cewa ko cokali ya ɓata a hannuna ba.

Washegari na tafi kasuwa sayen gero. Na dawo na tarar an wanke bangon da ruwan gishiri, an shafe shi da farar ƙasa, fari tas. Gaskiyar magana, abin da ya fara zuwa mini ba sunana ba ne. Layi na talatin da huɗu na tuna, wanda na sha wuyar kwana tara kafin in same shi. Na tsaya na rufe ido. Tsani, bazawara, ludayi, tsani. Yana nan. Na koma na farko na biyo su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Duk suna nan. Sai na ji ƙafata ta tsaya da kyau a ƙasa.

Ƙanena ya gaya mini kafin a shafe, Hajiya ta kira limamin masallacin lungunmu ya duba. Dattijo ne mai haƙuri. Ya kwafe alamun duka a takarda, ya ce bai san su a hatimi ko ɗaya ba, a dakata ya bincika. Ba ta dakata ba.

Bayan la'asar na je na durƙusa a ƙofar zaurensa.

"Allah gafarta Malam, an ce takardata tana hannunka."

"Tana nan. Na kai wa malamai biyu, kowa ya juya ta sama da ƙasa. 'Yar nan, gaya mini tsakaninki da Allah, mene ne wannan?"

"In na faɗa ba za a yarda ba. Zuwa za ka yi ka gani."

"A shagon wasan? Ni da na yi wa'azi a kansa sati biyu da suka wuce?"

"Shagon zai zo tsakar gida."

Haka aka yi. Da hantsin Asabar ƙanena ya ɗauko talabijin ya ɗora a kan turmi da aka kifa, ya jawo waya ta tagar ɗakina. Aka shimfiɗa wa Liman buzu. Matan gidan suka fito, na maƙwabta suka cika ƙofa, wasu da jarirai a baya. Hajiya na kan kujerarta, ta harɗe hannu.

Na ce, "Malam, juya takardar kada in gani. Zaɓi layin da ka ga dama, ka faɗi na nawa ne."

Ya bi da yatsa. "Na goma sha bakwai."

"Ludayi, mai ƙusumbi, ƙugiya, ƙugiya."

Ya dubi takarda, ya dube ni. "Wacce ce mai ƙusumbin?"

Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya gyara tabarau, ya gwada, ya ce, "Ita ce kuwa. Da ƙusumbinta."

"To kun gani," in ji Hajiya, "ta haddace su!"

"Saurara, Hajiya, ba a zo wurin ba," in ji Liman.

Na ɗauki faranti na zaɓo alamun huɗu a idon kowa. Ɗaki ya buɗe, akwatuna biyar, da ɗan mutumin yana tsaye yana jira. Na ce, "Ga ɗakin da mabuɗin ke buɗewa. Ga amaryar da na ɗaure, ku gaishe ta." Wata daga baya ta fashe da dariya ta toshe baki. Na tura akwatunan a hankali, ina faɗa da ƙarfi: wannan gado ne, sai ya jira, wannan wadirob ne, in ya taɓa bangon can ya mutu, wannan kabad, shi zai fara zagayawa. Kafin in kai na huɗu mata sun matso har suna kare wa Liman gani.

"A'a, Mma, ta hagu!"

"Ke yi shiru, in ta bi hagu ta ina za ta fito?"

Liman ya zaɓi na takwas, ya zaɓi na talatin. Duk na faɗa, duk suka buɗe. Sai ya ajiye takarda ya miƙo hannu. "Kawo in ga abin nan." Na mayar masa ɗakin farko, mai akwati uku. Ya yi bismilla ya danna. Turawa biyu, akwati ya shige kusurwa.

"Jawo shi, Malam," in ji ƙanena, yana danne dariya.

"Ba ya jawuwa!"

"Allah gafarta Malam," na ce, "ka kashe ɗakin."

Tsakar gida ta kaure da dariya. Shi ma ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido. Da ya natsu ya ce, da murya yadda na ƙofa za su ji, shi bai ga asiri a nan ba, lissafi ya gani, kuma wanda ya yaɗa zato a kan baiwar Allah nan ya san abin da ya kamace shi. Ya ƙara da cewa ra'ayinsa a kan kaset ɗin damben bai sauya ba.

Hajiya ta tashi ta kakkaɓe zane. "Ni dai na ga abin da na gani." Ta shige ɗaki.

Masu sayen koko suka dawo a satin. Goro bai dawo ba. Mata sun yi dariya, sun yarda, amma kowace uwar amarya tana jira ta ga abin da Hajiya za ta yi, don ba mai son ta zama ta farko. Ni kuma ban je roƙo ba. Na ɗage labulen shago na ci gaba da ɗaki na talatin da huɗu, wanda ya ga dama ya leƙo.

Ranar jeren 'yar Hajiya ta zo, ana kai amarya da magariba. Ina zaune a ƙofar ɗakina bayan azahar ina tsince wake, sai ga inuwa a kan faifaina. Hajiya ce, cikin leshin biki, gumi ya jiƙa mata wuya. A hannunta ƙullin ganye.

"Kina aiki ne?"

"Wake nake tsincewa, Hajiya."

"Mutanen Alajo sun sa wadirob."

"Madalla."

"Gado ya ƙi shiga. Rabi na ciki rabi na waje, ƙofa ba ta rufuwa. Wadirob ɗin kuma ya ƙi fitowa."

"Kusurwa suka kai shi?"

Ta sunkuya, ita da ba ta sunkuya wa kowa a gidan nan, ta ajiye ƙullin a kan wakena. Na buɗe. Goro fari, manya, sun fi na farkon. Na so in bar ta a tsaye kaɗan, ba zan yi ƙarya ba. Amma yarinyar a gabana ta girma, kuma ba ita ta shafe mini bango ba. Na ɗauki ɗaya na ɓare na sa a baki.

A Nima na tarar da mata goma sha suna ba juna laifi, kwanonin samira a zube a tsakar gida. Na zauna a bakin ƙofa na yi shiruna. Wata daga cikin baƙin ta ce, "Wannan ce aka ɗauko? Ta zo hutawa ne?" Hajiya da kanta ta ce mata, "Rufe baki, jere take."

A talabijin in ka kashe ɗaki akwai maɓallin komawa farko. A Nima babu, amma akwai sabulu. Na sa aka fitar da gado, aka karkata wadirob kaɗan, na goga sabulun wanki a ƙarƙashin ƙafafunsa, muka zura tsohon zane ta ƙasa, mata huɗu suka ja. Ya taho kamar ba shi ba. Daga nan kabad ya fara shiga ya zagaya, gado ya bi, akwatuna suka shige ƙarƙashinsa, wadirob ya zo ƙarshe ya zauna inda tun farko ya kamata. Aka jera kwanoni har rufi. Na tura ƙofa da yatsa ɗaya, ta rufu. Ana kiran magariba muna wanke hannu.

Kafin watan ya ƙare an kawo mini goro uku.

Hajiya ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Kwana huɗu bayan bikin na ci ɗaki na talatin da huɗu, sabon mabuɗi ya fito. Ba na bukatar bango, na riga na san kaina ya isa. Amma na shiga madafa da gangan, lokacin da kowa ke ɗora tukunya, na tsaya gaban farin bangon nan ina dube-duben abin zane, don nawa gawayin duk ya kama wuta. Hajiya na fifita murhunta, ba ta ɗago ba. Ta sa hannu a buhunta, ta zaro guda mai tsini, ta miƙo mini ta gefe.

Na zana: ƙugiya, tsani, ludayi, bazawara.

Ta saci kallo ta ce, "Wannan ta ƙarshen me ya sa ta karkace?"

Na ce, "Haka aka halicce ta, Hajiya."